Gurasar Tafiyar Daler

Zuwa ga Yaya Kurbonali,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta ga fuskar yayanta ba, da fatan sanyin Rasha bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan Kujand lafiya lau. Inna tana nan da ƙorafin idonta, 'yata Shahlo ta ci jarrabawa, inabin tsakar gida kuma ya yi 'ya'ya har maƙwabta sun samu. Gurasar da ka gatsa ranar tafiyarka, bisa al'adarmu don matafiyi ya dawo ya ci saura, tana rataye a bangon ɗakin Inna, kullum sai ta shafa ta, ta ce rabonka na jiranka.

Yaya, maganar ɗana Daler ce. Ka ce in turo maka shi ya kama aikin gini, ya rabu da abokan da suka koya masa tsira wa kansa hodar nan a jijiya, na kuma amsa da murna. Sai na ga ba zan tura maka yaro yana makyarkyata da amai ba, gara in nemi magani tukuna. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni dai na ɓata. Kunya ta hana ni cewa ɗana ne, duk inda na shiga sai in ce ɗan maƙwabciyata. Mai kemis ya tura ni asibitin masu taɓin hankali, su kuma suka ce ba nasu ba ne, in je wani gida a bayan gari inda ake kulle mutum har abin ya bar jikinsa. Da na faɗa wa Daler sai ya ce abokinsa can aka kai shi, ya fito tas, ya koma wa hodar sau ɗaya, aka yi jana'izarsa. Ina cikin wannan gantalin wata mata ta ji ina tambaya a motar haya. Ta yi murmushi, ta ce ita ma ta daɗe tana nema wa ɗan maƙwabciya magani, har ɗan maƙwabciyar ya kusa mutuwa a kan gadonta. Ta kama hannuna, ba ta sake ni ba sai a wata ƙaramar ƙofa bayan wani asibitin da na sha wucewa.

A nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Bayan na kawo Daler likita ta duba shi ta karɓe shi, na fito da kwalbar zuma da na wanke don a zuba mini maganin in kai gida. Nas ɗin ta ce ko ɗigo ba a fita da shi, shi zai riƙa zuwa kowace safiya ya shanye a gaban tagarta. Sunan maganin metadon. Na tambayi yaushe zai gama, likita ta ce wani watanni, wani shekaru, ba a gaggawa. Na ce da me aka yi shi, ta ce dangin abin da yake tsirawa ne, sai dai shi yana kwantar da jarabar ba tare da ya bugar da mutum ba. To Yaya, wannan magani ne ko kuwa? Inna ta ce an gudu ba a tsira ba, a da a lungu ake sayar masa, yanzu masu farar riga ke ba shi a kofi. Liman ya ce abin da likita ya bayar don ceton rai magani ne. Ni kowa ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya. Abin da na sani kawai, yaron yana barci, cokulana sun daina ɓata, har ƙyauren gidan nan da ya karye ya gyara.

Da na gaya wa likita zancen tafiyarsa sai ta ajiye biro. Ta ce a can wajenku an hana wannan maganin, in ya tafi ya rabu da shi ke nan. In ya zauna kuma, abokan nan suna bakin layi, kullum ta gabansu yake wucewa. Gaba kura, baya sayaki.

Inna ta kafe sai ya tafi. Ranar Juma'a ta kunna tanderu da kanta, ta gasa masa gurasar tafiya, mai riɗi, don ya gatsa mu rataye kusa da taka. Muka lulluɓe ta muna jiran liman ya zo addu'a. Daler ya dawo daga asibiti, ya haɗa shayi, kafin mu fito daga kicin ya cinye ta ƙaf. Inna ta sa salati, ta kira shi mayunwaci, ta ce yanzu me za mu rataye. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya san ko ta mece ce. Ya ce shi in ya tafi ba ya jin zai dawo ya tarar da saura, gara ya ci rabonsa tun yana da rai.

Yaya, na fita bayan gida na yi kuka. Har yanzu ban gane maganin nan ba, ban kuma san ko daidai nake yi ba. Amma na manta rabon da in ga yaron nan ya cinye gurasa guda. Don Allah kada ka yi fushi, ka ba wani aikin. Daler ba zai zo ba.

Ka gaishe mini da matarka Yaya Mohira, da yara Firuz da Sitora. Shahlo tana gaishe ku, Daler ma, ko da yake kunyarka yake ji. Inna ba ta yi mini magana ba tun ranar, amma ta aiko Shahlo ta ce in rubuta maka cewa taka ta bushe kamar dutse, ka zo ka ci abarka.

Ƙanwarka,
Nozigul