Littattafan Baba da Taswirar Gaɓar Teku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma da kewa, tare da addu'ar takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan da ke hana ka dogon zama, Ya sa wa aikinka albarka, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan gida sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta, ko da yake ta rantse maganin likita bai tsinana komai ba, man zafin da ka aiko ne ya yi aikin. Idon Baba dai sai a hankali, na hagun ya kusa rufewa, amma cin abincinsa da musunsa da rediyo suna nan yadda ka bar su. Jaririyar Yaya Babba ta fara haƙori, duk wanda ya matso kusa sai ya sha cizo.

Ka yi ƙorafi cewa kwanan nan in ka kira ba na ce maka komai sai lafiya lau. Ka yi haƙuri. Labarin da nake riƙe da shi ya fi ƙarfin waya, kuma na ƙi buɗe baki sai na ga yadda zai ƙare. Yanzu ya ƙare, saboda haka gyara zama, ka sa matashi a bayan nan naka.

Wata biyar da suka wuce aka ba ofishinmu na safiyo aikin zana babbar taswirar gundumar nan, wadda za ta nuna irin ƙasar kowane yanki, da inda ruwan sama yake bi da inda yake kwanciya, da kuma yadda teku take cin gaɓa. Da yake babbanmu ya yi ritaya, sai Darakta ya ɗora mini aikin. Na yi murna har na kasa cin abincin rana, amma murnar ba ta daɗe ba. Hotunan tauraron ɗan'adam da muke da su masu kyau na 'yan shekarun nan ne kawai. Da na buɗe ɗakin ajiya don in ɗauko tsofaffin takardun awon ruwa da na gaɓa, sai na tarar gara da yoyon rufi sun raba su tsakaninsu. Fayil za ka ɗaga, ya zube maka a hannu kamar gari. Na shekara shida kacal na iya tsamowa, su ma a warwatse.

Ana cikin haka sai na ji kwamitin gunduma ya riga ya zaɓi inda za a gina sabon asibitin haihuwa, wato filin nan shimfiɗaɗɗe na bayan kasuwar kifi. A ido babu kamarsa, ga faɗi, ga titi a kusa. Amma da muka je ɗibar samfurin ƙasa, yashi ne a sama, kamu biyu a ƙasa kuma baƙar laka mai wari, na ɗanɗana ruwan da ya tsatso na ji gishiri. Na je na samu Injiniyan gunduma na gaya masa. Ya saurare ni yana juya makullin motarsa a yatsa, sannan ya ce zato ba hujja ba ne, in kawo masa alƙaluma na shekaru ko in bar manya su yi aikinsu. Ya ƙara da cewa tun kafin a yaye ni yake zuba harsashin gini. Gaskiya ne kuwa, kuma ba ni da alƙaluman. Darakta ma ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, in na tsayar da aikin asibiti a kan abin da ba zan iya tabbatarwa ba, kujerata ce za ta fara girgiza.

Ranar na dawo gida da la'asar raina a ɓace, na zauna a tsakar gida ina zayyana wa Inna tana tsintar shinkafa. Ashe Baba yana ji daga kan kujerarsa. Ya kashe rediyo, abin da ka san ba ya yi ko gobara ake, ya ce in shiga ɗakinsa in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Yaya, ka tuna akwatin? Shi ne wanda ka ce a fitar a ƙone tarkacen ciki shekarar da ka zo aka yi wa ɗakin fenti, Baba ya hau kai ya zauna har mai fenti ya gama. To, littattafan rubutu ne a ciki, guda talatin da ɗaya, kowane na shekara guda.

Mu dai mun tashi mun ga Baba kullum da safe yana leƙa gwangwanin madarar nan da ya kafa a kan katanga, ya tsoma rula ya auna ruwan saman da ya taru, ya rubuta wani abu, har 'yan unguwa suka laƙaba masa Baba Mai Gwangwani, mu kuma muna jin kunya. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, tun yana mai jan awo a bayan masu safiyo ya kafa turakun ƙarfe guda biyar a gefen teku, kuma ranar ɗaya ga kowane wata sai ya ɗauki tef ɗinsa ya auna daga kowane turke zuwa inda ruwa ya tsaya. Ba wanda ya sa shi. Ya ce wani tsohon maigidansa ne ya taɓa cewa ƙasar nan tafiya take yi, shi kuma ya ga ya kamata wani ya riƙa duba saurinta. Bai daina ba sai shekara huɗu da suka wuce, da ido ya ƙi. A gefen shafukan ma har bayani yake yi: ranar kaza ruwa ya kwanta a bayan kasuwar kifi har gwiwa, ya kwana tara bai janye ba. Na ƙirga irin wannan sau goma sha huɗu. Shafi uku ne kawai babu a littafi na sha biyu, Inna kuma ta sunkuyar da kai ta amsa cewa wata safiya ce itace ya jiƙe, ta hura wuta da su.

Ban yi gaggawar kai su ofis ba, don na san abin da za a ce. Sai da na fara gwada su da takardun shekara shidan nan da gara ta rage mana. Wata bayan wata na jera su a kwamfuta, kuma wallahi awon gwangwanin Baba da na ma'aunin hukuma tafiya suke kafaɗa da kafaɗa, bambancin bai kai a yi magana ba. Daga nan na shiga neman turakun. Wani tsohon masunci, abokin Baba, wanda ake kira Dogo, shi ya yi mini jagora. Uku daga ciki ya nuna mini wurinsu da bakin filafilinsa daga cikin kwalekwale, don tuni teku ta haɗiye su. Na huɗu muka same shi a jikin katangar gidan ƙanƙara. Na biyar, wanda ya fi mini muhimmanci saboda shi ne na kusa da filin, sai da muka kwashe rabin yini muna tonon juji kafin shebur ya yi ƙara a kansa. Da na auna daga nan zuwa bakin ruwa, na ɗora a kan awon Baba na farko, sai ga shi teku ta ci kusan mita casa'in. Abin da ya rage tsakaninta da filin asibiti bai fi sittin ba. Yarinyar da za a haifa a ɗakin farko, kafin ta yi tata haihuwar ruwa ya shigo shi.

Ranar zaman kwamiti muka buga taswirar a takarda mai faɗin tabarma, muka manna a bangon zauren taro. Jan ƙasa mai tsakuwa na yi mata launin ƙasa-ƙasa, yashi rawaya, laka toka-toka, hanyoyin ruwa shuɗi, sannan layuka ja guda uku a gefen teku: inda gaɓa take da, inda take yau, da inda za ta kai nan da shekara ashirin in ba a tare ta ba. Na roƙi Baba ya zo, ya sa babbar rigarsa fara, amma da muka isa ya ƙi shiga, ya ce shi bai saba zama da masu tebur ba, ya samu benci a baranda. Na yi bayani na kusan rabin awa. Da na gama Injiniya ya miƙe ya tambayi zauren ko yanzu gwangwanin madara ne zai zaɓa wa gunduma wurin asibiti. Aka yi dariya. Na ce masa ba gwangwanin nake so ya yarda da shi ba, ga takardun hukuma na shekara shida, ga na Baba, ya ɗora su ya nuna mini inda suka saɓa.

Akwai wata baƙuwa a zauren, ƙwararriya daga hukumar yanayi, dattijuwa mai farin gilashi. Ita ta miƙo hannu ta karɓi littattafan. Ta daɗe tana buɗawa, tana komawa baya, tana duba takardata. Can ta cire gilashin ta ce shekara talatin tana wannan aiki, akwai tashoshin da ake biyan ma'aikata su yi awo, ba su riƙe shi da tsabta irin wannan ba, kuma tana so ta san ko mai littattafan yana raye. Na ce yana baranda. Ita da kanta ta tashi ta fita ta riƙo hannunsa. Yaya, da Baba ya shigo yana laluben ƙofa da sandarsa, shugaban kwamiti ne ya fara miƙewa, sai kowa ya miƙe. Ni dai ban ga sauran ba, hawaye ya rufe mini ido. Shi kuwa gogan naka ya tsaya a tsakiyar zaure yana ta ba su haƙuri a kan shafi ukun da suka ɓata.

Zan yi wa Injiniya adalci. Washegari da safe ya kai motar tono filin da kansa, ya sa aka haƙa rami mai zurfin tsayin mutum. Kafin ma'aikatan su gama shan shayi ruwa ya cika shi har rabi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya aiko a kira ni, ya tambaye ni a gaban mutanensa ina taswirata ta ce a gina. Na nuna masa tudun nan na wajen tsohon tankin ruwa, inda jan ƙasa take da ƙarfi kuma ruwa ba ya kwana. Makon jiya aka kafa harsashi a can. Ya kuma zo har gida ya gaida Baba, suka shafe awa biyu suna hirar tsofaffin masu safiyo, Inna tana ta yi mini ido.

Abu ɗaya ne ya rage mini zaƙin abin, kuma gara ka ji daga bakina. Jan layi na uku ya bi ta bayan gidan Gwaggo. Na auna sau uku ina fatan na yi kuskure, ban yi ba. Na je na zauna da ita na gaya mata a hankali. Sai ta ce ai ta riga ni sani, tun da rijiyarta ta fara gishiri. Ba yau ba ne, ba gobe ba, kuma kwamiti ya ce da unguwarsu za a fara maganar shingen duwatsu, amma ya kamata kai da Yaya Babba ku fara tunanin inda za ta koma in ta kama. Ka kira ta, ta fi jin maganarka.

Kafin a buga taswirar ta ƙarshe na kai Baba ofis don ya gani. Da yake idon ba ya kaiwa, sai na kama yatsansa ina bi da shi a kan gaɓa, ina faɗa masa sunan kowane wuri. Muna isa bakin ƙoramar da ke shiga teku ya tsayar da hannuna, ya ce a'a, nan na karkata, bakin ya fi haka matsowa arewa. Na ce Baba daga hoton sama na ɗauko. Ya ce to hoton ya sake dubawa. Don in raba gardama muka je da na'urar awo, sai ga shi hoton na lokacin rani ne da yashi ya toshe bakin, Baba ne da gaskiya. Na gyara, abokan aikina kuma har yau ba su bar ni na huta da tsiya ba.

Ga kwafi ɗaya na taswirar na naɗe maka a cikin wannan saƙo. Idan ka buɗe, ka duba ƙasa ta hannun dama, wurin da ake rubuta inda aka samo bayanai. Akwai hukumar yanayi, akwai ofishinmu, a tsakaninsu kuma akwai cikakken sunan Baba da shekarun da ya yi yana awo. Darakta ne ya ce a sa, ba ni na roƙa ba. Da na karanta wa Baba layin a gida, sai ya ce in sake karantawa, na sake, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce a kunna masa rediyo.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba, ka nuna musu sunan kakansu da yatsa. Inna tana gaishe ku, ta ce a ƙaro man zafi. Yaya Babba da maigidanta, da Gwaggo, da Dogo wanda ya ce lallai in sa sunansa, duk suna miƙo gaisuwa. Baba ya ce in gaya maka yana sa maka albarka, kuma ka daina zama da yawa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta