Hannun Baba na Hagu

Lafia, 4 ga Maris, 2003

Zuwa ga 'yata Kamila,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatun likita yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, zafi dai sai godiya. Na ba direba doya da gishirin Keana ya kawo miki.

Maganin hawan jinin nan na ajiye shi. Wata biyu ke nan, kuma ko kaina bai yi ciwo ba. Mai lafiya me zai yi da ƙwaya?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Modu

Jos, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Saƙo ya iso, na gode. Amma wasiƙarka ta hana ni cin doyar.

Bari in gaya maka abin da muka karanta. Bangon jijiyar jini hawa-hawa ne. Na can ciki siriri ne kamar fatar albasa, shi jini ke gogawa. Bayansa akwai tsoka. Idan jini ya taho da ƙarfi, na cikin yakan saki wani sinadari da ke sa tsokar ta sassauta, hanya ta buɗe. Hawan jini yana lalata siririn nan a hankali, saƙonsa zuwa ga tsokar ya raunana, jijiya ta ƙanƙance. Duk wannan ba ya ciwo, Baba. Inna ma ranar da ta faɗi, da safe cewa ta yi garau take.

Ita na rasa ina aji uku na sakandare. Kai kaɗai ka rage mini.

'Yarka, Kamila

Lafia, 27 ga Maris

Kamila,

Gaisuwa da fatan alheri. Sau uku na karanta takardarki, kuma akwai abin da na ɓoye miki. Makon da na rubuto miki, ina alwala a kasuwa buta ta suɓuce daga hannuna na hagu. Hannun ya mutu kamar ba nawa ba, sai can ya dawo. Sebastian maƙwabcin shagona ne kaɗai ya gani, na roƙe shi ya yi shiru saboda jarrabawarki.

Da na karanta masa wasiƙarki, sai ya ce, "Malam Modu, tashi." A babur ɗinsa ya kai ni asibiti. Likita ya yi faɗa sosai. Na koma shan magani, miya kuma yanzu lami.

Ki yafe mini.
Mahaifinki

Jos, 2 ga Afrilu

Baba,

Na yi kuka, na kuma gode wa Allah. Na gama jarrabawa jiya. Ina nan tafe ranar Asabar da abin awon jini, ni zan riƙa auna ka da kaina. Kada ka zo tasha cikin rana, na san hanya.

Ka gaishe mini da Baba Sebastian.

Taka, Kamila