Jinjirin Watan Leicester

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Goman ƙarshe na azumi

'Yata Khaulah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ibada, ya aikin asibiti? Ina fatan ke da gwaggonki Walida kuna lafiya. Mu nan sai godiya.

Ƙarshen shekara babanki zai ajiye koyarwa a jami'a, Kano za mu koma. Ki zo mu yi Sallah tare a nan, sai mu tsara komawa gida gaba ɗayanmu. Tun da muka bar ki a Leicester don ki ƙarasa makaranta nake jiran wannan rana. Walida ta gaya mini an yi rubutu a bangon masallacinku, wai ku koma ƙasarku. To, me ake jira? Baƙo raɓa ne, Khaulah.

Ni zaman nan ya ishe ni. Babanki zai fita tun safe, ya bar ni da bango. Maƙwabciyata 'yar Malay mutuniyar kirki ce, amma hirarmu ba ta wuce murmushi. Rannan a kedai, wato kanti, na ji wani saurayi yana Hausa a waya, na bi shi har bakin titi kamar zautacciya, ban ma san me zan ce masa ba.

Ina kewarki. Ki gaida gwaggonki.

Mahaifiyarki,
Ɗelu

Bayan Sallah

Khaulah,

Barka da shan ruwa, da fatan kin tashi lafiya.

Rashin zuwanki na haɗiye shi. Na ce tunda akwai waya, mu ci abincin Sallah muna kallon juna. Na soya waina, na yi miyar taushe, na jingine wayar a jikin filas bayan la'asar. Babanki ya tafi yawon Sallah gidan abokan aikinsa. Sai ga ki cikin kayan aiki, kina azumi.

An ga wata a nan, an gani a Nijeriya, amma ke kina jiran limaminku ya ce an gan shi a samaniyar Ingila, ƙasar da ko rana sai an yi sa'a. Kika ce muddin kuna aron wata daga ƙasashen iyayenku, masu rubutu a bango ba su yi ƙarya ba. A bakinki kuma na ji kin yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, har ke kika jagoranci fentin bangon, maƙwabta Kiristoci suna riƙe muku bokiti.

Na kashe wayar ban yi miki sallama ba. Na yi fushi, na yi kuka, wainar ta huce a gabana. Kanon da nake kiranki, ni na san ta, ke hutu kawai kika taɓa yi a cikinta.

Washegari na sake yin wanka, na sa kayan Sallata, na ɗumama miyar. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga, don na san kina filin Idi cikin mutanenki.

Ba zan ƙara ce miki ki dawo ba. Baɗi dai ki sanar da ni ranarku da wuri, in raba ƙullun waina biyu. Daga bana ina da Sallah biyu, kuma kowacce ba ke a gefena.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Ɗelu