Faifan Baba a Gidan Inna Hajaratu

Jalingo, 3 ga Nuwamba

Adda Alisabatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Jos, yaya aikin asibiti? Baba yana nan yadda kika bar shi. Yana cin abinci, amma jiya ma ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni.

Albishirinki. Na gano faifan garmahon da ƙungiyarsu ta kiɗan rawa ta buga, lokacin yana kaɗa jita. Wata biyar ina shiga gidajen mutane kamar mai sayen gwangwani, ashe yana unguwar Sintali, wajen Inna Hajaratu, matar marigayi Manga mai gyaran rediyo. Na hango shi cikin wani kwali, na ɗauke kai. Gobe zan taya mataccen garmahonta, in mun daidaita in ce ta ba ni kwalin a matsayin gyara. Da wannan dabarar nake samo fayafayan da 'yan Legas ke rububi, a kuɗin mudun masara.

A gaida maigida da yara.
Ƙaninki, Tobias

Jos, 7 ga Nuwamba

Tobias,

Bayan gaisuwa, Matiyu direba ya kawo wasiƙarka. Na yi kuka, daga baya na ji kunya. Gwauruwa za ka yi wa wayon kasuwa? Ka faɗa mata gaskiya, ta yanka kuɗi, ni zan biya. Likita ya ce kiɗan ƙuruciya yakan taɓa inda magani bai kai ba. Bai yi alkawari ba, kuma ya ce kada mu jinkirta.

Allah ya kiyaye ku.
Yayarka, Alisabatu

Jalingo, 12 ga Nuwamba

Adda,

Ina gaisuwa. Wa'azinki ya iso bayan na riga na je. Na kushe garmahon, na ce allurarsa ta karye, sau biyu ina tashi kamar zan tafi. Ta sallama. Na ce, "Inna, gyara fa? Wancan kwalin ɓeraye kawai ke mora."

Ta ce in ɗauka. Sai ta zare faifai ɗaya, namu, ta ɗora a cinyarta.

"Ɗan Rufus," in ji ta, "tun daga ƙofa na gane kunnuwan nan irin na ubanka. Duk wanda ya shigo sai ya tona kwalin. Kai kaɗai ka ƙi kallonsa."

Shekara ashirin ina kasuwa, Adda, ba a taɓa kama ni dumu-dumu ba sai ranar. Na faɗa mata halin da Baba yake ciki. Sai ta ce da faifan nan aka yi rawar bikinta da Manga, babu sayarwa, babu aro. In Rufus zai ji, ya zo tsakar gidanta ya ji.

Garmahon da na saya da kuɗina, na gyara, na mayar mata. Kada ki yi dariya.

Naki, Tobias

Jalingo, 16 ga Nuwamba

Adda,

Gaisuwa a gurguje, mota na shirin tashi. Mun je jiya Asabar. Waƙar farko, Baba kaji yake kallo. A ta biyu yatsunsa suka fara tafiya a jikin sandarsa. Inna ta gyara ɗaurin zani, ta ɗan taka. Da faifan ya tsaya sai ya ce, "Mai gangar nan ya cika sauri, na sha faɗa masa."

Ya juyo ya dube ni. "Tobias, juya ɗaya gefen."

Ki nemi hutu ki zo. Inna ta ce Asabar mai zuwa ma ƙofa a buɗe take.

Ki huta lafiya.
Tobias