Haƙori Biyu a Dandalin Shiqiao

Shiqiao, 3 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga 'yata Qiaoling,

Gaisuwa mai yawa daga ubanki, Geng Mancang, wanda bai taɓa rubuta miki wasiƙa ba tun da aka haife ki. Ina fata kina cin abinci a kan lokaci, kuma ɗakin da kika kama a birni ba ya yoyo. Kada ki yi wa rubutun dariya. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bakin ƙofa na yi shi a tsaye.

Ban zo shagon Gwaggonki na amsa wayarki ranar Lahadi ba saboda likita ya ɗaure min muƙamuƙi da zaren ƙarfe. Sati shida ba magana, sai kunu ta bututun roba. Unguwa ta huta. Gwaggonki ta ce shekara hamsin tana jiran zuwan wannan likitan.

Faɗuwa na yi a dandali. Tun tafiyarki wurin ya canza. Kin san layi goma sha ɗaya na tayil da ke gabas da sandar tuta namu ne, mu tsofaffi masu rubutu da ruwa, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara. Kowa da bokitinsa da sandarsa mai soso a baki, harafi ɗaya a tayil ɗaya. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma har mata masu rawar yamma sun san ta. To, bana aka kori Dou tsohon mahauci da mutanensa daga lambun bakin kogi, suka kwaso bulalunsu na sarƙa da katantanwarsu ta katako mai girman tulu, wadda suke juyawa da bulala, suka dawo mana. Kowane sati sai sun ci mana layi ɗaya. Ni da na shimfiɗa tayil ɗin nan da hannuna shekara goma sha biyu da suka wuce, yau ni ake cewa matsa.

A cikin matsawar ne santsi ya kwashe ni. Shi ke nan labarin.

Na ji kin ci jarrabawar magatakardar kotu. Na faɗa wa kowa, har wanda bai tambaya ba. Yaushe ne tantancewar ƙarshe?

Ki kula da kanki.
Ubanki

*

Birnin lardi, 8 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan jiki ya yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, kuma na yi magana da Gwaggo. Ta ce Dou yana kwance a asibiti bakinsa a fashe, 'yan sanda sun zo gida sau biyu, sun kuma tafi da ƙarfenka na awon kusurwa a cikin leda. Santsi ba ya yin haka.

Baba, ka karanta wannan a hankali. Ranar 18 ga Nuwamba za a yi binciken asalina. Za su duba takardun uba da uwa. Idan an gurfanar da kai a kotu kan raunata mutum, sunana ya fita, kuma ba a sake ba ni dama. Shekara huɗu ina karatun jarrabawar nan.

A doka, haƙori ɗaya tsarewar kwanaki ce a wajen 'yan sanda, ba ta hana ni komai. Haƙori biyu shari'a ce. Don haka tambaya ɗaya nake yi maka, kuma ina roƙonka ka amsa ta ba wasa: haƙori nawa?

Ina jiran amsarka.
'Yarka, Qiaoling

*

Shiqiao, 13 ga Oktoba

Qiaoling 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin tambaya ba wasa, to ga amsa: ɗaya da rabi.

Ga yadda aka yi. Ran nan sun iso layi na tara. Malam Pang, wanda ya koya min duk haruffan da kike karantawa yanzu, mutum mai shekara saba'in da takwas, ya ɗauki sandarsa ya ja layi da ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce iyakarsu ke nan. Dou ya yi dariya ya dube ni, ya ce, “Tsoho Geng, kai da ko firamare ba ka gama ba, kullum kana wanke wa gwamnati ƙasa kyauta. Sun taɓa ce maka sannu?” Na ce ni ko ƙasa ina wankewa, shi shekara talatin yana yanka alade bai taɓa wanke wuyansa ba. Mutanensa ma sai da suka yi dariya, abin da ya jawo komai ke nan.

Dou ya gyara riƙon bulalarsa. Ya juya kamar zai bugi katantanwa, ya saki bulalar gefe. Bakin sarƙar ya kama Malam Pang daga kunne zuwa kumatu, fatar ta buɗe kamar an tsaga kankana. Tsohon ya zauna daɓas cikin bokitinsa. Jini na bin ruwan rubutun yana shiga tsakanin tayil. Dou ya ce ai shi ya shigo hanyar bulala.

Ƙarfen awon yana cikin jakata, don ina duba tayil ɗin da suka ɗaga. Ban san lokacin da ya zo hannuna ba. Da kusurwar na same shi a baki, na ji ƙara kamar an taka kofin shayi. Ya durƙusa yana tofar da jini, haƙori ɗaya ya yi tsalle har layi na bakwai. Ban ga ɗansa Dou Gang a bayana ba. Da gindin bulala ya same ni a haɓa, na faɗi, ya bi ni da takalmi. Na ƙirga huɗu, sauran sai labari aka ba ni.

Likitan hukuma ya sa rula ya auna raunin Malam Pang, ya ce saura rabin santimita ya kai na kotu. Dou ko a mugunta ya san awo, mahauci ne.

Rabin haƙorin kuwa shi ne na kusa da wanda ya fita. Yana girgiɗi amma yana nan. Likita ya ce ranar 26 zai sake dubawa ya rubuta rahoto. In yana baki ranar, ɗaya ne. Saboda haka ubanki ya samu sabon aiki, gadin haƙorin Dou. Kullum da safe ina kai masa kunun gero da awara mai laushi asibiti, in ajiye, in rusuna, in tsaya kamar gunki tunda ba baki. Shi kuma sai ya ture kwanon, ya aika a sayo masa rake, ya riƙa gatsa yana kallona. In ya gaji, ya sa harshe ya riƙa kaɗa haƙorin gaba da baya. Ko ke da kina jaririya ban damu da haƙorinki haka ba.

Kwana goma sha uku ya rage. Ki kwantar da hankalinki.
Ubanki, mai gadi

*

Birnin lardi, 18 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka. Na yi kuka da na karanta abin da aka yi wa Malam Pang, da abin da aka yi maka, amma ba lokacin kuka ba ne.

Karyewar muƙamuƙi ta fi haƙori biyu nauyi a doka. Dou Gang ma yana cikin laifi, har ya fi ka. Ka je wajen 'yan sanda ka rubuta cewa shi ya karya ka. In Dou ya ga ɗansa zai tafi gidan yari, shi da kansa zai nemi sulhu, ku yi musayar takardar yafiya, a rufe magana. Ka daina kai masa kunu. Ka je gobe.

Me ka faɗa musu a bayaninka na farko?

Da ladabi,
Qiaoling

*

Shiqiao, 26 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Shawararki ta mai ilimi ce, sai dai ta tarar da ubanki ya riga ya yi tasa.

Ranar da ɗan sanda ya zo gadon asibiti ɗaukar bayani, ya ga ba na magana, ya ce zai rubuta in riƙa gyaɗa kai. Na ƙwace biron. Shekara shida ina koyon rubutu a kan dutse rana tana shanyewa, ga takardar hukuma mai tambari a gabana, in bar wani ya rubuta min? Na zauna na tsara haruffa kamar na bikin sabuwar shekara: ni Geng Mancang santsi ya kayar da ni, ba wanda ya taɓa ni. A dandali ba ma kai juna ƙara, haka muka tarar, kuma na ɗauka in na rufa wa ɗan Dou asiri zai rufa min nawa. Ɗan sandan ya ɗaga takardar ya ce ko shugabansu ba ya rubutu haka. Na dangwala yatsa da jan tawada ina jin daɗi.

Na koma kamar yadda kika ce. Ya fito da takardar ya nuna min, ya tambaye ni wanne ne ƙarya, wancan ko wannan. Ya ce in kawo shaida. Mutum talatin ne a wurin ran nan, duk sun ce sama suke kallo. Malam Pang bai ga komai ba, jini ya rufe masa ido. Kowa ya san Dou Gang ya san gidan kowa.

Jiya da safe na kai kunu, ban ji maganarki ba. Na tarar da Dou a zaune da filaya a cinya. Ya ce, “Tsoho Geng, na ji kana ta shela cewa 'yarka za ta yi aiki a kotu. To bari in aika mata da aikinta na farko.” Ya buɗe baki ya kama haƙorin. Bai fita nan take ba, sai da ya murɗa sau uku, hawaye na zuba, jini na bin hannunsa har gwiwa. Ya jefa min shi cikin kunun. Mutumin gadon kusa ya juya ya fuskanci bango. Yau likita ya rubuta biyu, wai da kansa ya faɗi.

Kin ga bakina ne ya ba shi wuƙar. Da an ɗaure bakin nan tun wata biyu baya, da ba mu zo nan ba.

Saura hanya ɗaya, takardar yafiya daga hannunsa kafin 'yan sanda su tura maganar gaba. Gwaggonki ta je da maganar diyya, ya kore ta. Ya ce a gaban jama'a na durƙusar da shi, a gaban jama'a zai karɓi nasa. In tsaya a tayil ɗaya a tsakiyar dandali, ba riga, ya yi min bulala biyar da sarƙa. In ƙafata ta taka layi, ba takarda. In na tsaya, zai dangwala.

Tayil ɗin taku ɗaya ne ta kowane gefe. Na gwada tsayuwa a ciki yau, ya ishe ni, ba ni da ƙiba.

Kada ki damu. Fatar bayana ba ta taɓa yi min wani amfani ba.
Ubanki

*

Birnin lardi, 30 ga Oktoba

Baba,

Ban yarda ba. Na kira shago sau shida, Gwaggo tana ce min kana barci. Na san kana tsaye kusa da ita.

Na ga abin da bulala ɗaya ta yi wa Malam Pang a cikin wasiƙarka. Shekararka sittin da ɗaya, bakinka a ɗaure, ko ihu ba za ka iya ba. Mutumin da ya cire haƙorinsa da filaya ba zai tausaya maka ba. Ba na son aikin. Akwai kamfanoni, akwai koyarwa, zan samu wani abu. Idan ka je ka tsaya a gabansa saboda ni, ban san yadda zan zauna a kujerar nan ba.

Ba su ba ni izinin tafiya sai ranar Juma'a. Ka jira ni. Baba, sau ɗaya a rayuwarka ka ji maganar wani.

Qiaoling

*

Asibitin gunduma, 3 ga Nuwamba

Qiaoling,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta iso yau Laraba. Abin an yi shi ranar Litinin.

A kife nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Uku na farko na sha a tsaye. A ta huɗu gwiwa ta ƙi, na durƙusa, Dou ya ce na fita. Mutanensa biyu suka sunkuya suka duba, suka ce yatsana bai taɓa layi ba. Ta biyar ya yi ta da fushi, ta zagayo ta gaba ta same ni a fuska. Idon hagu likita ya ce a jira a gani.

Ya dangwala a nan tsakiyar dandali. Gwaggonki ta kai takardar da kanta, an karɓa, an rufe maganar.

Kada ki zo Juma'a, ba abin kallo. Ki goge baƙin takalminki, ki je ranar sha takwas. In sun tambaye ki halin ubanki, ki ce mutum ne mai haƙuri. Yanzu akwai shaidu sun fi ɗari biyu, kuma wannan karon ba wanda ya ce sama yake kallo.

Ubanki,
Geng Mancang