Farfesa Buntu

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Yau a taron safe na kamfaninmu na rainon irin tumatir, Manaja Kawu ya ce kowa ya kawo shawara, wai ƙasar raino da ake sayowa ta yi tsada. Ni sarkin zaƙewa na ɗaga hannu. Na ce ga buntun shinkafa nan tuli a Kura, mu babbaka shi mu gauraya da taki mu gwada. Yana latsa waya, ko kallona bai yi ba ya ce, "To fa! Mun samu Farfesa Buntu." Aka kwashe da dariya. In ba ka son shawara, me ya sa ka tambaya?

Laraba, 4 ga Satumba
Har mai gadi: "Farfesa, an fito?" Allah ya isa.

Litinin, 9 ga Satumba
Sunday mai kula da famfo ya ce a riƙa ban ruwa da sassafe. Ya zama "Injiniya Asuba". Yanzu taro sai "Haka ne, Yallaɓai." Ni dai na shuka faranti biyu da buntuna a bayan rumfa. Sai na ga ƙarshensa.

Asabar, 21 ga Satumba
Sun tsiro! Ban san ko za su kai dashe ba, amma sun tsiro.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Manaja ya ga farantan. Bai tambayi komai ba, sai "Wa ya ba ki izini? A kwashe shirmen nan." Da hannuna na juye su a kwata. Da a ce ya bari sun mutu da kansu, wallahi da na haƙura. Na yi kuka a banɗaki, haushin kukan ma nake ji.

Litinin, 14 ga Oktoba
A taron safe Manaja ya yi ta faɗa wai ba mu da basira, kamfanonin Kadawa sun wuce mu. Khaulat, wadda aka ɗauka makon jiya, ta raɗa min tana da dabarar rage zafin rumfa. Ta fara ɗaga hannu, na danne shi a kan cinyarta. Na ce, "Ƙanwata, rufa wa kanki asiri."

Don amfaninta na yi. Sai da na hau motar Bunkure na tuna ban ma tambaye ta mece ce dabarar ba.