Kati Biyu da Ragon Baƙon Azagor

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi mai masaukin baƙi na bakin kasuwar dabbobi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarka Uwani ce ke rubuto maka. Damina uku ke nan da ka bar mu. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Itacen bedin ƙofar gida ya girma har yana taɓa wayar kuran, ta wutar lantarki. Na san mutane za su karanta wannan takarda a shafina. To su karanta, ai kai ma ba ka taɓa rufe zaure ba.

Labari nake ɗauke da shi, kuma da hannunka a ciki.

Ka tafi ina tsakiyar karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi. Na gama, na dawo gida, na samu istaj, wato koyon aiki, na wata shida a wani ƙaramin gidan rediyo nan cikin Dakoro, inda makiyaya ke kawo cigiyar dabbobinsu. Wata shidan suka zo ƙarewa. Kawu Sale kuwa ya samo mani aikin sayar da teleho a wani shago a Yamai, ya ce in ba a ɗauke ni a rediyo ba, ƙarshen wata in hau mota. Ba na son tafiyar nan, Baba. In na tafi, Inna ita kaɗai ce a gidan. Ka kuma san halinta, ko sau ɗaya ba ta ce in zauna ba. Kullum sai, “Tahi abinki, ɗiya, arziki na gaba.” Tana faɗa tana kallon wani wuri.

Ana cikin haka sai ga hadari. Aradu ta faɗa kan eriyarmu, ta bi waya, ta ƙone kati ɗaya a cikin babbar na'urar gidan. Kati biyu ne a cikinta, wato ƴan alluna masu ramin da ake soka waya. Ɗaya na fita waje zuwa rezo, wato intanet, inda muke ɗauko labarai, ɗayan na shiga ɗakin watsa shiri. Na wajen ne ya ƙone. Direktanmu, Malam Ilu, ya aika Maradi aka sayo sabo, aka soka, aka kunna. Shiru. A da hanya ɗaya ce ta mutu, yanzu duka biyun sun yi gum. Malam Ilu ya rantse jabu aka sayar masa, ya wuni yana tsine wa ƴan kasuwar Maradi. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Uwani, in kin tada ta kahin ranar kasuwa, wurin naki na. In kin kasa, sai mu kira wani daga Maradi shi riƙe aikin gaba ɗai.” Kwana biyu suka rage.

Bari in gaya maka yadda cikin abin yake, don na san ba ka son a ba ka labari rabi. A can cikin na'ura akwai wani shiri da malamanmu ke kira noyo, wato ƙwayar tsarin. Shi ne mai gida. Sauran shirye-shirye ba su taɓa kati da hannunsu, duk mai saƙo shi yake miƙa wa. Shi kuma ba ruwansa da ko katin na waya ne ko na iska, ko ƙirar wace ƙasa ce. Duk wanda ya zo, ƙofa yake ɗaukarsa, ya buɗe masa shafi iri ɗaya da na kowa. A shafin akwai sunan da ya raɗa wa ƙofar, da lambar da aka buga wa katin tun daga masana'anta, wadda wani kati ba shi da irinta. Akwai ko ƙofar a buɗe take ko a rufe, ko wayar jikinta na da rai, da girman ƙunshin da zai iya wucewa, da yawan saƙon da ya shiga da wanda ya fita. Abu ɗaya yake nema wurin kowane kati, ya zo da tafintansa, wanda ya san yadda ake ce masa buɗe, rufe, aika.

Har da wata ƙofa da babu kati bayanta, ana ce mata lo. In ka fita ta cikinta, tsakar gida za ka sake samun kanka, da ita na'ura ke magana da kanta. Ranar da aka koya mana ita na yi ta dariya ni kaɗai a aji, don kai na tuna, kana zagaya garke da safe kana tambaya kana ba kanka amsa.

Ranar farko dai a banza ta tafi. Na sake waya, na hure ƙura, na cire kati na mayar har ban san sau nawa ba. Na ce noyo ya jero mani ƙofofinsa, ya jero: eth0 da eth1, duka a buɗe, duka da waya mai rai. Tun da aka kafa gidan eth0 ce ta waje, eth1 ta ciki. Haka aka rubuta a tsari, haka ma wani ya rubuta da alli a bango. Komai daidai, amma saƙo na fita, amsa ba ta dawowa. Har na fara taya Malam Ilu zagin katin a zuciyata. Na koma gida da la'asar kaina na sarawa.

Washegari na bi ta kasuwar dabbobi, ana kafa turaku don gobe. Na tsaya daidai wurin da kake ɗaure na baƙinka. Wani ne ke wurin yanzu, amma ƙarar tabaryar da ake buga turke da ita ba ta sake ba. Nan ragon baƙon Azagor ya faɗo mani a rai.

Ka tuna? Ina da shekara tara. Wani dogon mutum mai baƙin rawani daga Azagor ya sauka gidanmu da ragonsa, na ga an ɗaure shi a turken farko. Da hantsi mai saye ya zo, ka ce in je in kwanto ragon baƙo. Na ruga turken farko ina jin kaina babbar dillaliya. Ashe da asuba an kai dabbobin shan ruwa, da suka dawo aka ɗaure kowa yadda ya riga isowa. Ragon layyar Kawu Sale na jawo har gaban mai saye, har ya fara lalube shi yana yabon ƙiba. Baƙon ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai. Ba ka yi mani faɗa ba. Ka durƙusa, ka kama kunnen ragon, ka ɗora yatsana kan tsagar, ka ce, “Uwata, turke ba shaida ba na. Wanda ya riga zuwa shi ka samun turke. Kunne za ki duba.”

Baba, da ka ga gudun da ɗiyarka ta yi da hijabi a tsakiyar gari, da ka ce ban girma ba.

Ina isa ban taɓa kati ba. Na zare wayar ɗakin watsa shiri, na dubi jerin noyo in ga wace ƙofa za ta ce wayarta ta mutu. Ba eth1 ba ce, eth0 ce. Na buɗe murfi, na karanta lambar da ke manne jikin tsohon katin da bai ƙone ba, na same ta zaune a shafin eth0. Ashe noyo yana raɗa suna ne yadda ya riski katunan lokacin da na'ura ke tashi. An soka sabon a wani rami na can ƙasa, tsohon ya riga shi, ya samu turken farko. Kwana biyu saƙon waje ana tura shi ɗakin shiri, na ciki ana tura shi duniya. Katin Maradi lafiyarsa lau.

Malam Ilu ya ce to a musanya wayoyin mana a huta. Na ce zai yi yau, amma ranar da aka ƙara wani kati rigimar za ta dawo. Na zauna na rubuta wa na'urar ƙa'ida: mai wannan lamba sunansa eth1, mai waccan eth0, ko wa ya riga tashi. Na kashe na kunna sau uku, kowa na komawa sunansa. Labarai suka fara sauka, ɗakin shiri ya amsa. Malam Ilu ya cire hula ya shafa kai, ya ce, “Allah shi gahurta mani, na ɗau alhakin ƴan Maradi.” Ranar kasuwa aka karanta cigiya tun da safe, ta farko ta wani mutumin Kornaka ce da raƙumarsa ta ɓata. Kafin azahar ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya miƙo mani makullin ɗakin na'ura, ya ce in zo da hotona biyu na takardar ɗaukar aiki.

Na yi murna, Baba, murnar da ban yi irinta ba tun da ka tafi.

Da na shiga gida na gaya wa Inna, sai ta ce, “To, madalla,” ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗan ji haushi, na ce iyakar abin ke nan? Can sai ga ta da buhu a rungume, wanda ban taɓa gani ba. Ta kwance shi a tsakar gida. Kilishi ne, da cuku, da garin fura, da yaji a kwalba, da sabon zane. Ashe sati uku tana haɗa mani guzurin Yamai a ɓoye bayan gado, kaɗan kaɗan, don kada in gani in karaya. Ta ware zanen ta ba ni. Sauran ta kasa kashi-kashi, ta ce in kai wa maƙwabta sadaka, Allah ya kai maka lada. Tana kasawa tana dariya, hawaye na sauka, har yajin ya zube. Sai a lokacin ta ce, “Da kin tahi, da ban san da wa zan ci tuwo ba.”

Na raba duka, gida bakwai, kowa ya yi maka addu'a. Tuwon ranar kuma a kwano ɗaya muka ci.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ya yalwata makwancinka, ya haskaka kabarinka, ya saukar da kai masauki mafi kyau kamar yadda ka sauki baƙin mutane. Ya ba ni ikon riƙe Inna har ƙarshe, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Uwani.